Bonis ɗin Baba Cindo da Karsanar Gangara

Duk shekara sai lakol, wato makaranta, ta turo mana yara biyu ko uku su koyi aiki a buronmu, ofishin asirans, wato inshorar mota, da ke bakin kwalta a Agye. Kafin su cika mako guda sun gama yanke hukunci: aikin nan danna kwamfuta ne da buga hatimi. Mai mota ya shigo, ka karɓi takardunsa, ka buga, ka miƙa masa, ya fita. Wata yarinya cikin na bana ta ce min, "Tonton Lawali, wannan ai ko ƙanena zai iya." Ban yi musu da ita ba, don ban san ƙanen nata ba, wataƙila yana da kai. Sai dai na ga ya kamata in rubuta musu abu guda daga cikin aikin, wanda a ganina ya fi sauran wuya, wato maganar bonis.

Ga wanda bai sani ba, bonis ragi ne. In mai mota ya yi shekara bai jawo haɗarin da kamfani zai biya ba, in ya zo sabunta takardarsa sai a rage masa wani abu. In ya ƙara shekara lafiya, a ƙara rage masa, har ragin ya kai inda ba ya wucewa. Ranar da ya bugi wani kuma ya kawo rahoto, ragin ya zube, ya koma baya. Na ji an ce a wasu ƙasashe har ana sayen kariya ga bonis ɗin kansa, amma ban gani da idona ba, mu dai nan ba mu da ita. Kariyar da mutanenmu suka sani ita ce a rufe magana tun a bakin hanya, a kira maigari ko sarkin tasha, a yi sulhu, kowa ya kama gabansa, buro bai ji ba.

Da na fito jami'a na zo wurin nan, marigayi Malam Isufu ne mai buro. Ranar farko na zauna na jera biro da takardu ina jiran aiki, sai ya miƙo min mayen ƙarfe ɗan ƙarami, irin wanda ake cirowa daga tsohuwar lasifika, da tsumma, da mitar awo. Ya ce kada in kuskura in duba takardar mutum kafin in zagaya motarsa. Mayen ƙarfen nan, in ka bi jikin mota da shi, yana kamawa a kan ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa, to mai gyaran jiki ya yi ciko ya shafa fenti, an taɓa bugawa ke nan. Tsumma kuma don goge ƙura ne, ka ga ko lotsawar ta yi tsatsa. Lotsawar jiya ba ta tsatsa. Na sha ganin mutum ya zo yana rantsuwa da safen nan aka buge shi, alhali cikin ramin har ya yi ja. Malam Isufu ya kuma koya min in yi tambaya sau biyu, ta farko a tsaye jikin mota, ta biyu a zaune bayan an sha ruwa, in ga ko amsoshin za su haɗu. Sau da yawa ba sa haɗuwa. Ba lalle ƙarya ba ce, mutum yana mantuwa, amma ni dai nakan rubuta duka biyun.

Masu zuwa wurinmu yawancinsu ba don suna son asirans suke zuwa ba, don jandarma ne a bakin shinge. Wani zai sayi ta wata guda, ya wuce shingen, ba ka ƙara ganinsa sai an sake tsare shi. Irin waɗannan ba ruwansu da bonis. Masu damuwa da shi su ne tsofaffin direbobin kasuwa, masu bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake loda buhunan gero da wake da mutane a sama. Su a wurinsu ba ragin kuɗin kaɗai ba ne. Shaida ce da suke fitarwa a tasha in gardama ta tashi.

Cikinsu babu kamar Baba Cindo. Mutumin Tibiri ne, daga tsohon gida, manoma ne kaka da kakanni, shi kaɗai ya kama sitiyari. Yana bin kasuwanni daga can yamma har Gazawa da Gangara, kuma tun zamanin Malam Isufu a nan yake yin takardarsa, saboda abotarsu. Bonis ɗinsa ya daɗe da kaiwa ƙarshe. In ya shigo, kafin ya zauna sai ya ce, "Lawali, gaya ma yaran nan, ko kaza na taɓa bugewa?" In ce a takarda dai babu. Ya ce, "Ji ɗan boko! A takarda dai! Kai ko uwarka ta ce ita ta haife ka, sai ka ce a takarda dai." Duk da haka kowace shekara sai na zagaya motarsa da mayen ƙarfe, yana bina yana tsaki. Bai taɓa ƙin kamawa ba.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mafi muni da na gani a aikin nan. Kaya suka daina tafiya, mai ya yi tsada, motoci da yawa aka ɗora su kan duwatsu a ƙofar gida. Masu sabuntawa suka ragu, haɗarin da ban gamsu da shi ba kuma ya ƙaru. An kawo min motoci biyu da aka ce sun yi karo a hanyar Gidan Sori, na auna tsayin lotsawar wannan da hancin waccan, na ga sai dai in ɗaya ta yi tsalle. Da na bincika, masu motocin surukan juna ne. Tun daga lokacin, in wanda ya buga da wanda aka buga suka cika fara'a da juna a gabana, sai in ƙara buɗe ido. Ban ce kowa ɓarawo ne ba. Na ce dai yunwa tana koya wa mutane dabara, kuma hatimina ne a ƙasan takarda.

A cikin ranin shekarar nan ne, washegarin kasuwar Gangara, na ga Baba Cindo ya tsayar da bashe a ƙofar buro, alhali ba watan sabuntawarsa ba ne. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yadda ya ajiye ta. Kullum a fili yake tsayawa, inda kowa zai gani. Ranar ya manna gefen hagunta da katanga.

Na fita na matsa tsakaninta da katangar. Fitilar hagu ta fashe, ƙarfen da ke kanta ya lotsa, an wanke wurin sosai, amma a cikin ragar gaba akwai farin gashi maƙale.

Ya ce, "Ka gani, ko? To shigo mu zamna. Shawara na zo nema, ba rahoto na kawo ba, kada ka taɓa biro."

Ya ba ni labari. Yana dab da Gangara da safe, garke na tsallaka hanya, ya tsaya har suka wuce. Ya ja mota ke nan, sai wata farar karsana da ta yi saura a baya ta fito daga cikin sabara da gudu. Ƙafafunta na gaba suka karye. Ya sauko da wuƙarsa, shi da makiyayin suka juyar da ita gabas aka yanka kafin rai ya fita, ya sauke buhuna ya loda ta, ya kai wa mahautan kasuwa tun naman bai lalace ba. Sannan ya ja makiyayin gefe, wani mai suna Buba, ya ce ya faɗi abin da zai cika masa a rufe magana.

Na ce, "Nawa ya ce?"

"Ya ƙi."

"Ya raina ne?"

"Bai ko bari na faɗi ba. Ya ce ba tashi ba ce."

Na sake tambayarsa bayan ya sha ruwa, amsar ba ta sauya ba. Wannan ne ya tayar min da hankali. A ƙa'idarmu kwanaki kaɗan ne mai mota yake da su ya kawo rahoto. In suka wuce, kamfani na iya cewa ba ruwansa, ko aƙalla ya ja maganar har mutum ya gaji. Na taɓa ganin wanda aka buge wa rago ya yi shiru da fara'a har kwanakin suka wuce, sannan ya zo da jandarma da farashin bijimi. Na ce a raina, wataƙila Buban nan wani ya koya masa.

Na hau babur na tafi rugarsu, can bayan Gangara. Na iske shi yana ɗaure maruƙa, dogo ne siriri, ba zai wuce sa'ana ba. Matarsa ta kawo min nono a ƙwarya. Na riƙe ban sha ba, don ban tabbata ko ya halatta in ci abin mai neman diyya ba, ban kuma ajiye ba don kada ya zama raini. Haka na yi ta riƙe da ita har muka gama.

Na ce, "Malam Buba, an ce ka ce karsanar ba taka ba ce. Ta sata ce?"

Ya yi dariya har ya dafa sanda. Ya ce, "Kai, Kaɗo! Habbanaye ne."

Na san kalmar, kamar yadda duk wanda ya tashi a nan ya san ta, amma ban taɓa tunanin za ta shigo min buro ba. Mai shanu ne yake ɗaure wa wanda yake ƙauna karsana, ta zauna a hannunsa har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Buba shanunsa sun mutu a wata shekarar fari. Wani dattijo, Baffa Manu, ya ɗaure masa wannan don ya sake kafa garke. Ba ta kai ga haihuwa ba. Baffa Manu kuwa ya yi kudu da shanunsa neman ciyawa, wayarsa ba ta shiga, ba zai dawo ba sai ruwa ya sauka. Kuɗin naman ma Buba bai taɓa ba, ya kai wa Arɗonsu ajiya.

Na ce, "To ka yafe mana, in rubuta, ka dangwala."

"Ƙaƙa zan yafe abin da ba nawa ba?"

"To ka karɓi kuɗi, in ya dawo ka ba shi."

"Ƙaƙa zan sa ma nagge na mutum kuɗi, shi bai nan? Ya ce na sayar da amanarshi?"

"In ya dawo, zai nemi diyya?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ranar da za a yi ruwa. Ya ce, "Sai ya dawo."

Na bi ta wurin Arɗo na tabbatar da ajiyar, na bi ta wurin mahauta na tabbatar da farar karsana ce ba tsohuwar saniya mai ciwo ba. Komai ya yi daidai, kuma daidai ɗin nan da ya yi yawa shi ma bai kwantar min da hankali ba.

Baba Cindo na jirana a buro. Na shimfiɗa masa yadda abin yake. In ya yi shiru, Baffa Manu ya dawo ya yafe, bonis ya tsira. In ya yi shiru, dattijon ya dawo ya ce a biya shi, lokaci ya wuce, daga aljihunsa zai biya, a shekarar da motar ma da ƙyar take ciyar da kanta, wataƙila sai ya sayar da ita. In kuma ya kawo rahoto yanzu, kamfani zai ɗauka, amma bonis ya tafi.

Ya ce, "Kai mi ka gani?"

Na ce ya danganta da halin dattijon, wanda ban sani ba. Na ce akwai yiwuwar ya yafe, akwai kuma yiwuwar 'ya'yansa su hana shi. Na ce ko da ya yafe da baki...

"Lawali! Tambaya guda na yi maka, ka ba ni amsa huɗu. Isufu da shina da rai, da kalma guda za ya ba ni."

Na sake lissafawa. Sannan na ce, "Baba, da motar mahaifina ce, da na rubuta."

Ya daɗe yana kallon bashe ta taga. Ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Shekarun ga duka, saboda saniyar da mai ita bai ko san ta mutu ba." Sai ya turo min biro da yatsa. "Rubuta. Ka rubuta na tsaya. Ka rubuta da wuƙata anka yanka."

Na rubuta har wannan, ko da yake babu gurbinsa a takardar.

Da watan sabuntawarsa ya zo, na faɗa masa sabon kuɗin, ya biya. Bai tambayi yara ko ya taɓa buge kaza ba. A tasha na ji an fara kiransa Sarkin Fawa. Ni kuma ya daina kirana Lawali, sai Mai-biro.

Ruwa ya sauka, gero ya fara rufe ƙasa, sai ga Buba ya shigo buro da wani tsoho mai malfa, ya ce ga Baffa Manu. Na tambayi inda yake zama da damina, don in cika takarda. Ya ce kusa da Sae Sabuwa. Biro ya tsaya a hannuna. Sae Sabuwa ai gefen Tibiri ne, gefen su Baba Cindo. Na ce, "Baffa, ka san direban?" Ya ce bai san shi ba, ya dai san motar, kowa ya san ta. Na ba shi ruwa na sake tambaya. Ya ce wa Buba da Fillanci wani abu, suka yi dariya, sannan ya ce min har yanzu bai san shi ba.

Bai yafe ba. Ya ce karsana dukiya ce, kuma tunda kamfani ne zai biya ba talaka ba, zai karɓa. Na ji sanyi kaɗan, don shawarata ba ta tashi a banza ba. Buba kuwa, ya ce, tuni ya ɗaure masa wata daga garkensa, don waccan ba ta cika abin da aka ba da ita dominsa ba. Har ya miƙe, sai ya juyo ya ce, shi direban, mi ya rasa? Na yi masa bayanin bonis iya yadda zan iya. Ya saurara da kyau.

Ya ce, "Wato kiwo ya yi shekara da shekaru, rana guda garken ya watse."

Na ce kusan haka ne, ko da yake ba daidai ba.

"Da ya yi shiru fa?"

"Da wataƙila yana nan da abinsa."

Ya gyaɗa kai ya fita.

Kuɗin ya fito bayan kaka, an cire na nama, na miƙa wa Baffa Manu a gaban shaidu. Ba a daɗe ba wani ɗan kamasho ya ce min, "Ka ji Sarkin Fawa ya yi saniya?" Baffa Manu ya shiga kasuwa da kuɗin kamfani, ya sayi karsana, ya kora ta har ƙofar gidan Baba Cindo a Tibiri, ya ɗaure masa habbanaye.

Ku da kuke koyon aikin nan, ku lura da kyau. Wanda aka biya diyya ya ɗauki kuɗin ya mayar gidan wanda ya buge dabbar. A duk abin da aka koya mana, babu alamar haɗin baki da ta fi wannan. Ranar na buga waya Maradi na gaya wa babbanmu komai, don gara ya ji daga bakina. Ya ce in je in gani.

Na iske Baba Cindo a bayan gida yana zuba mata harawa. Ja ce, mai farin goshi. Yana ganina ya ce, "A'a, Mai-biro! Ka zo da mayen ƙarfen? Zo ka bi jikinta, ka gani ko an yi mata ciko."

Na ce, "Baba, aikina ne. Kun san juna da?"

"Da mun san juna, sai in tafi har Gangara in kashe mishi saniya? Ga nashi nan bayan gari, da na bugi ta kusa, in huta da mai."

"To me ya sa ya ba ka?"

"Na tambaye shi. Ya ce wanda ya tsaya ya fiddo wuƙa, ya kuma kai kanshi buro, za ya iya riƙon amana. Ni ma na ce mishi ban yarda ba, ko so yake in yi mishi kiwo kyauta. Ya ce e, har da wannan."

Na tambayi maƙwabta, na tambayi sarkin tasha, na je har Sae Sabuwa. Ban sami wanda ya taɓa ganinsu tare kafin ranar ba. Na gaya wa babbanmu. Ya ce, "Bonis ɗin ya dawo masa?" Na ce a'a. "Saniyar tasa ce?" Na ce a'a, aro ce, mayarwa zai yi. Ya ce, "To ina ribar?" Na ce ita nake nema ban gani ba. Ya ce in rufe maganar. Na rufe, amma na ajiye takardun a inda hannuna zai kai, ko da wani abu zai ɓullo. Har yau bai ɓullo ba.

Bonis ɗin Baba Cindo yana hawa a hankali, shekara bayan shekara, bai kai inda yake a da ba, kuma da shekarunsa ban tabbata zai kai ba. Fasinjoji suna ƙorafin yanzu in ya hango garke tun daga nesa yake kashe mota. Karsanar ta haihu, ta sake haihuwa. Watan jiya da ya zo sabuntawa ya ce min lokacin mayar da uwar ya yi, har ya saya mata sabuwar igiya da gishiri, ya yi wa Baffa Manu ɗinkin riga.

Na ce, "Baba, in a bashe za ka ɗauke ta, ka sani takardarka ba ta rufe dabbar da ke cikin mota ba. In wani abu ya faru a hanya..."

Ya ce, "A mota? Saniyar mutane? Da ƙafa za ni kai ta, ta burtali, ko kwalta ba za mu tsallaka ba. Ban yarda da direbobin ga ba, Lawali."

Rabon da ya kira ni da sunana tun ranar da ya turo min biro. Na buga masa hatimi. Kafin in miƙa masa takardar na ɗauki mayen ƙarfe na fita, yana bina yana tsaki, na zagaya motar. Ya kama ko'ina, sai wuri guda a saman fitilar hagu, wanda na riga na sani.